Ɗan Farin Ummusalama Mai Godo-godo

Duk wanda ya saba bi ta tashar lorin da ke zuwa garin Doka a Gadarif da sassafe, a ƙarshen shekarun 1970, ya san Ummusalama mai godo-godo. Gajeriyar mace ce mai ƙaramar murya. Tana zama a gindin bangon wani mai facin taya da ƙatuwar ƙwarya a gabanta, rufe da faifai. Gero take surfawa ta niƙa ta dafa, ta dama shi da nono, leburorin gona su sha su ɗaure ciki kafin su hau mota. Ba ta da yawan magana. In an zolaye ta sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta yi dariyarta a ciki.

Kakanta ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Daminar ta jawo wata, har ya mutu bai ga teku ba. Ita a Gedambaliya aka haife ta, inda ubanta yake ƙwadago a manyan gonakin dawa. Ta tashi tana jin Larabci a waje, Hausa a gida. Abin da tsofaffi suka ɗauko daga yamma kuwa sun riƙe shi gam, kamar in suka saki guda ɗaya za su manta ko su wane ne. Da ta isa aure aka kawo ta Gadarif gidan Wada, mutum mai haƙuri da ke sayar da ruwa a amalanken jaki. 'Ya'ya uku ne suka rayu musu: Harisu, Mudi, da autarsu Hadiza.

Harisu shi ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Haka ta ga uwarta ta yi, haka aka hore ta. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi. Ranar da aka yaye shi uwar mijinta, Inna, ta goya shi ta wuce da shi ɗakinta a can ɓangaren gidan, bayan zana. A can ya girma. Inna yake ɗauka uwa, Ummusalama kuwa Yaya yake ce mata. In tana son aikensa sai ta yi magana da iska, ta ce, "Wani ya ɗebo mini itace," shi kuma ya san da shi ake. In ta yi miya mai daɗi sai ta zuba tsokar a kwanon Inna, ta san bakin da za ta shiga.

Maƙwabciyarsu Batul, wata Balarabiya mai surutu, ta kasa gane wannan abu. A wajensu da sunan ɗan fari ake girmama mace, a ce mata Um wane, wato uwar wane. Wata rana ta leƙo ta saman zana ta ƙwala kira, "Ya Um Haris!"

Ummusalama ta ci gaba da bakace.

"Ke kurma ce? Um Haris nake kira!"

"Babu mai wannan sunan a gidan nan."

"To wa ya haife shi, jakin Wada?"

"Ki ce Um Mudi in kina son gishirin. In ba haka ba ki koma ki ci miyarki lami."

Matan gida suka kwashe da dariya. Harisu yana zaune a bakin ɗakin Inna yana ɗaura tarkon tsuntsu, lokacin bai fi shekara goma ba. Bai ɗago kai ba. Daga ranar unguwa duka ta koma kiranta Um Mudi.

Shi Mudi ba a hana ta komai a kansa ba, sai ta juye masa ƙauna har da rabon wansa. Yaro ne mai baki. Yakan tsoma yatsa a ƙwarya ya ce, "Umma, yau ruwa ya yi yawa. Ko ragowar gangar ruwan Baba kika juye?" Ta bi shi da muciya, ya zagaye rumfa, su ƙare da dariya. Harisu kuwa shiru-shiru ya tashi, mai aiki da hannu, ba ya musu. Inna ta rasu a shekarar da ya fara zuwa yankan riɗi. Daga nan babu sauran mai dafa kansa a gidan ya tambaye shi yadda ya kwana.

Riɗi ba ya jira. In ya nuna sai a yanke shi da gaggawa kafin ya fashe ya zube, shi ya sa da kaka masu gonaki suke cika lori da leburori. Kakar da ta biyo baya Mudi ya nace sai ya bi wansa zuwa wata gona bayan Doka. Ummusalama ba ta so ba, amma Wada ya ce ai ya kai. Da safen tafiyar ta ɗaure wa Mudi dakuwa a tsumma, ta gyara masa wuyan riga, sannan ta juya fuska wajen rumfa ta ce, "Wanda ya ɗauke shi, ya dawo mini da shi." Harisu yana tsaye da lauje biyu a hannu. Ya ce, "To, Yaya."

Shi kaɗai ya dawo, da laujen biyu da takalman Mudi. A gonakin can babu itace ko ɗaya, an tumɓuke su saboda tarakta, inuwa sai ta ƙarƙashin mota. Mudi ya kwanta a ƙarƙashin lorin da ya kawo musu ruwa, direba ya tada mota bai duba ba. A nan gefen gona abokan aiki suka yi masa sutura, don hanya ta yi nisa kuma ga zafi. Wannan shi ne abin da aka gaya wa gida.

Sauran ta ji shi ne a tasha, da ta koma sana'a bayan zaman makoki. Wani dattijon lebura da ke wurin ya tsuguna gabanta ya rage murya. Ya ce zazzaɓi ne ya kama Mudi da tsakar rana. Harisu ne ya ɗauke shi ya kwantar a ƙarƙashin lorin, ya lulluɓe shi da buhu saboda rawar ɗari, ya koma yanka. Ya ce, "Hajja, yaron nan don tausayi ya yi. Kada ki riƙe shi." Ba ta riƙe shi ba. Ko sau ɗaya zuciyarta ba ta ɗora masa laifi ba. Sai ta yanke cewa alherin da za ta yi masa shi ne ta binne maganar, kada ya san ta sani.

Harisu ya tare a tsohon ɗakin Inna. Da farko an ɗauka baƙin ciki ne, zai wuce. Ya daina zuwa masallaci. Ya daina amsa gaisuwa. In lori ya wuce ta babban titi sai ya toshe kunnuwa ya dunƙule a ƙasa har ƙarar ta ɓace. Mata suna ta shigowa ta'aziyya, kowace ta ce, "Um Mudi, sai haƙuri," ita kuma ta yi kukanta a fili, tana ambaton Mudi, kuma duk yana ji ta bayan zana. Takan aiki Hadiza da kwano, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Sai ta tsaya a jikin zana ta ɗaga murya kaɗan, "Wani ya ci abinci mana." Ta leƙa ta ɓular zana ta ga ƙashin wuyansa ya fito, rigar ta yi masa yawa. Ta koma madafa ta zauna.

Wada ya yi iyakar abin da ya sani. Ya karɓo rubutu, Harisu ya sha. Ya karɓo turare aka yi masa hayaƙi. Ya kai shi asibiti, ma'aikacin ya duba ido da harshe ya ce jikinsa lafiya lau, ya ba da ƙwayar barci. Ya yi barcin, ya farka yadda yake.

Wata safiya masu sayar da ruwa, abokan Wada, suka sami Harisu zaune a tsakiyar layin dogo, ya haɗa kai da gwiwa. Da ƙyar suka janye shi. Da aka kawo shi gida Wada ya kwance igiyar jaki ya ɗaure masa ƙafa a jikin ginshiƙin rumfar Inna. Yana ɗaurewa hawaye na zuba a gemunsa. Harisu ya miƙa ƙafar da kansa.

Da la'asar wan Wada, Rufa'i, ya zo. Shi ne babba a dangi, maganarsa ake bi. Ya ce abin ya wuce na gida. Akwai masid, wato tsangayar wani shehi, can nesa, inda ake kai masu taɓin hankali, a sa musu mari a yi musu karatu har su dawo daidai. Ya ce ya riga ya yi magana da wani direba, ranar kasuwa mai zuwa za a tafi da shi.

Ummusalama tana jin su daga madafa. Ta san akwai waɗanda aka ce sun warke a irin wuraren nan. Amma ita wanda ta gani da idonta ɗan ƙanwar uwarta ne, Zakari, da ya dawo da tabon mari a idon sawu, yana kare kai da hannu duk lokacin da aka ɗaga murya, bai ƙara gane kowa ba har ya mutu. Shi Zakari ma ƙaƙƙarfa ne ya tafi. Wannan kuwa da ko tuwo ba ya haɗiya, ta san in ya tafi ba zai dawo ba.

Da Rufa'i ya fita ta durƙusa gefen Wada.

"Malam, kada a kai shi."

"To in yi yaya?"

"A bar shi a gida."

"In zauna gadinsa, wa zai kai ruwa? Yau layin dogo ne, gobe rijiya. Na binne ɗaya ban ma ga kabarinsa ba." Ya share fuska da hannun riga. "Wa zai kula da shi a nan? Inna ta tafi. Ke kuwa ko sunansa ba kya iya faɗa."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, amma ta kwana da maganar a ƙirji.

Washegari Batul ta shigo ba sallama, ta same ta a tsaye jikin zana tana leƙe.

"Me kike kallo kamar ɓarauniya? Ɗanki ne. Ki shiga ki zauna da shi."

"Ba a yi."

"Wa zai kama ki, hukuma?"

"Batul, ba za ki gane ba. Uwata har ta mutu ba ta kira sunan yayanmu ba."

"Yayanku ya zauna a layin dogo?"

Ummusalama ta mai da ido ga ɓular zana.

"Wallahi ku Hausawa kun ba ni mamaki. Ɗaya ƙasa ta ɗauke, ɗayan kina tsaye kina jin kunyarsa yana narkewa. Ni dai na faɗa, shi ke nan."

Ta fita tana mita. Ummusalama ta daɗe a wurin. Sannan ta zagaya ta ƙofar zanar, hanyar da a da ba ta bi sai in za ta gai da Inna. Harisu yana kwance ya ba ta baya, igiyar ta goge masa fata. Ta tsuguna. Ta buɗe baki sunan ya ƙi fita, harshenta ya yi nauyi kamar ba nata ba. Ta sake gwadawa.

"Harisu."

Ya juyo a hankali ya dube ta da jajayen idanu.

"Ba shi ba ne, Yaya. Ni ne."

"Na san kai ne."

"Wanda kike nema bai dawo ba. Kin ce in dawo miki da shi." Muryarsa ta dushe saboda daɗewa ba ta fita ba. "Da ni aka bari a can, da gidan nan yana nan yadda yake. Babu abin da zai ragu."

Ya juya ya koma fuskantar bango. Ta kira shi har sau nawa, bai ƙara motsi ba. A ranar ma bai ci komai ba.

Matar Rufa'i, Zainaba, tana tsakar gida lokacin, ta ji. Kafin azahar labari ya gama unguwa cewa uwar ma ta taɓu, tana ƙwala sunan ɗan fari kamar 'yar tasha.

Ummusalama ba ta je tasha ba washegari. Ta jawo turminta da faifanta zuwa rumfar Inna ta zauna kusa da shi. Sai ta tarar ba ta san abin da ake ce masa ba. Da Mudi magana da kanta take zuwa. Wannan kuwa ba ta san abin da ke ba shi dariya ba, ba ta san ko yana son yaji a miya ba, Inna ce ta san waɗannan. Ta ba shi labarin jaki ya ciji Wada a kafaɗa. Ta ce geron bana ƙanana ne. Ta ji maganganun suna faɗuwa ƙasa kamar tsakuwa. Ta sake farawa. Kwanaki suka tafi a haka, ranar kasuwa tana matsowa, kwano yana dawowa ba a ci komai ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a gefe.

Ana gobe tafiya, ta gaji da neman magana mai daɗi, sai ta tambayi abin da ke cin ta ita ma.

"A ina kuka sa shi?"

Ya ɗago kai. Tun ranar da ta kira shi bai dube ta ba sai yanzu.

"Gabas da kambo, inda muke kwana. Na sa tsohuwar taya a kai."

"Ban gani ba. Ubanka bai gani ba. Kai kaɗai ka sani." Ta matso kusa da shi. "Ka kai ni."

"Mata ba sa zuwa."

"Mata ba sa kiran sunanka ma. Ka kai ni."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da gari ya waye, Wada ya fita zagayen ruwa na farko don ya dawo kafin Rufa'i ya iso. Ta tura Hadiza gidan Batul, ta cika gora da ruwa, ta kwance igiyar. Ya tashi yana layi ya bi ta.

A tasha ne abin ya kusa lalacewa. Motoci suna ta ruri, hayaƙi ya cika wuri. Harisu ya tsaya cik, gumi ya karyo masa, ya durƙusa ya yi amai, ba komai a cikin sai ruwa. Ta kama hannunsa ta ja. Direban lorin Doka ya san ta.

"Hajja, yau ina godo-godo? Da yunwa za mu tafi?"

"Yau ni ma fasinja ce."

Aka ɗaga su bisa buhuna. Da aka tada injin Harisu ya ƙwala ƙara ya nemi dirowa. Ta rungumo kansa ta kifa a cinyarta, ta lulluɓe shi da mayafi, ta toshe masa kunnuwa da tafin hannunta. Ba ta taɓa kansa ba tun yana shan nono. Maza suka kau da kai. Wani matashin lebura ya ce, "Kai, wannan ƙaton har yanzu ba a yaye shi ba?"

Ita da ba ta mayar da magana, ta dube shi ta ce, "An yaye shi da wuri ne. Yanzu nake ƙarasawa."

Har Doka tana jin haƙoransa suna haɗuwa a kan cinyarta.

Daga Doka suka taka a ƙafa. Rani ya yi nisa, baƙar ƙasar ta tsattsage, sai an lura da inda za a sa ƙafa. Ba gida, ba itace, ba tsuntsu. Rana ta take tsaka kafin suka hangi kambon, bukkokin leburori da aka watse aka bari. Harisu ya wuce gaba da sauri ya nufi gabas. Sai ya tsaya.

Babu taya. An ƙone karan gonar, tarakta ta bi ta kai, ƙasa ta zama iri ɗaya har inda ido ya tsaya. Ya yi dama, ya dawo, ya yi hagu. Ya koma kambo ya sake tahowa yana duban ƙasa. Ya fara gudu. Ta bi shi tana kira, ƙafarta ta faɗa cikin tsaga ta faɗi, gorar ta tuntsure rabin ruwan ya tsiyaye. Da ta tashi ta hango shi a durƙushe yana tonon ƙasa da hannu. Ya bar wurin ya koma wani ya sake tonawa. Farcensa ya fashe, jini ya haɗu da ƙasa.

"Nan ne. A'a, ba nan ba. Na ɓatar da shi. Na sake ɓatar da shi!"

Ta kama shi ya fizge. Ba ta da ƙarfin riƙe shi. Ta duba ko'ina babu mahaluki, ta ga ita ce ta kawo shi inda zai ƙarasa haukacewa, kuma in ya yanki dajin nan da gudu ba za ta cim masa ba. Ta ce a ranta, Ya Allah, na kwance shi daga igiya na kawo shi ga mutuwa.

Ta zauna daɓas a inda take, ta shimfiɗa tafin hannu a ƙasa mai zafi.

"Harisu. Nan ya ishe ni."

"Ba nan ba ne!"

"Ni na zo gani, kuma na ce ya ishe ni. Yana cikin ƙasar nan, Allah ya san wurin. Zo ka yi mana addu'a, ni ban iya mai tsawo ba."

Ta ɗaga hannu ta jira. Ta daɗe a haka har kafaɗunta suka yi tsami. Can ta ji takunsa. Ya zube a gabanta, amma ba addu'a ya yi ba.

"Ni na sa shi a ƙarƙashin motar. Ni na rufe shi da buhu. Da ban rufe shi ba da direban ya gan shi."

"Na sani."

Ya zuba mata ido.

"Tun da na koma tasha aka gaya mini. Zazzaɓi yake, ka nema masa inuwa. Da ina wurin abin da zan yi ke nan."

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Na zaci in na yi shiru za ka huta."

"Ni na zaci ba kya son ganina ne. Na ce ko zagina ki yi, ki tsine mini, in san inda na tsaya."

Ta jawo hannunsa ta zuba masa ɗan ruwa a kan yatsun, tana wanke ƙasar.

"Ba a koya mini yadda zan yi maka magana ba. Lokacin da Inna ta ɗauke ka, nono ya cika mini har zazzaɓi. Nakan zagaya bayan ɗakinta in tsaya ina jin kukanka, in cusa zane a baki don kada a ji nawa. Aka ce haka ake yi, na yi. Ban san kana can kana zaton ba a so ka ba." Ta ɗaure yatsun da gefen mayafi. "Maganar da na yi ranar tafiyarku, na janye ta. Ba kai ke mayar da rai ba. Ɗaya ya rage mini namiji, kuma ba zan iya binne shi ba. Ka ji ni?"

Sai ya fashe da kuka, irin na ƙaramin yaro, baki buɗe. Tun da ya dawo da takalman ba wanda ya ga hawayensa. Ta bar shi ya yi har ya gaji. Suka raba sauran ruwan, suka karanta abin da suka iya, suka kama hanya. A Doka wasu Hausawa masu sayar da gyaɗa suka ba su masauki. Matar gidan ta kawo kisra, wainar dawa mai fale-fale, da miyar kuɓewa, ya ci kaɗan.

Da suka iso gida washegari, Wada yana zaune a ƙofa, jakin a ɗaure, ko ganga bai ɗora ba. Rufa'i yana tsaye a kansa. Yana ganinsu ya taso.

"Ke wace irin mace ce? Ki kwance mahaukaci ki shiga daji da shi? Mun kwana muna duba rijiyoyi! Direba ya jira ya gaji ya tafi, kin kunyata ni."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba a gabansa, ta sunkuyar da kai.

"Ka yi haƙuri, Yaya Rufa'i. Na yi laifi. Amma ba zai je ba."

"Ke za ki faɗa?"

"Ni zan zauna da shi. In ya fita in bi shi."

"Wada, kana ji?"

Wada bai dubi wansa ba. Ɗansa yake kallo, da yatsun da aka naɗe da tsumma. Ya ce, "Ka ci abinci?"

"Na ci a Doka, Baba."

Wada ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, a bar shi tukuna."

Wannan tukuna ita ce iyakar abin da ta samu. Rufa'i bai janye maganarsa ba, jinkirta ta kawai ya yi, kuma duk sanda jikin ya motsa sai ya sake tayar da ita. Zainaba ta daɗe ba ta cin abinci kwano ɗaya da ita. Wurinta na tasha wata ta gaje shi, don ta yi watanni ba ta fita. Da ta koma sai ta samu gefe can kusa da masu shayi, inda ciniki bai kai na da ba.

Harisu bai warke yadda mutane ke nufi da warkewa ba. Bai ƙara taka gona ba. Da ƙarfinsa ya dawo ya karɓi amalanken jakin daga hannun ubansa, yana bin lunguna don ya kauce wa babban titi. Akwai watannin da zai yi hira, har ya tsokani Hadiza. A hankali Ummusalama ta gano ba ya son yaji, kuma in abin zai taso masa yakan fara da yawan wanke hannu. In ta ga haka sai ta rufe ƙwarya ta dawo gida da wuri, ko an sayar ko ba a sayar ba.

Kaka ita ce mafi wuya, in riɗi ya nuna garin ya cika da leburori da rurin motoci. A kakar da ta biyo bayan tafiyarsu ya sake daina cin abinci. Wata hantsi tana shanya gero ta ga ya tashi ya fita ba takalmi. Ta bar geron ga kaji ta bi shi. Ya miƙi hanya ya bar unguwa, ya wuce makiyaya, ya shiga fili. Ba ta kira shi ba, ba ta kama shi ba, tana dai biye da shi, numfashinta yana sama-sama, ba ta san inda zai tsaya ba ko ma zai tsaya. Ya san tana bayansa. Bai juyo ba, bai kuma kore ta ba. Da rana ta yi zafi ya rage sauri, ya tsaya, ya jira ta iso.

"Ƙafarki na ciwo, Yaya."

"Tana yi."

Ya dubi gaba, inda babu komai sai ƙasa. Sannan ya juya, suka kamo hanyar gida, a wannan karon yana tafiya daidai da takunta.